Mai ƙas-ƙas ko mai gashi? Amsa ga direban da kwankwaso ya hana sakat

Assalamu alaikum Yaya. Ni mutumin Maraɗi ne amma shekara tara kenan ina Bronx a New York, tasi nake ja, wata rana awa goma sha ɗaya ina zaune a mota. Shekarata 41. Wata biyar kenan kwankwaso ya sa ni gaba, in na fito daga mota sai na dafa ƙofa kafin in miƙe, ruku'u ma da ƙyar, kwanan nan kuma wuya ya fara ƙagewa. Likita ya duba ni ya ce ba abin tsoro ba ne, ya tura ni fisiyo, wato wajen masu gashin ƙashi, na je sau biyu ba abin da suka yi min sai kwanta ka ɗaga ƙafa, tashi ka lanƙwasa, suka ba ni takarda wai in je gida in ci gaba. Wani abokina ya kai ni wajen kairofurakta, masu murɗa mutum ya yi ƙas ɗin nan, wallahi ranar ji na yi kamar an sauke min buhu. Ya ɗauki hoton eksire ya nuna min wai ƙashina ya goce a wuri uku, sai na zo sau 36, in biya dala 2,400 a dunƙule a yi min ragi, har wuyan zai gyara. Maiɗakina ta ce in tsaya a fisiyo, abokina ya ce ɓata lokaci ne. Wanne zan bi?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sannu, Allah ya ƙara sauƙi ya sa kaffara ne. Ciwon kwankwaso sai wanda ya ɗanɗana, mutum da ƙafafunsa biyu amma ɗaure igiyar takalmi ya zame masa aikin gayya, ga shi ba jini ba kumburi balle a tausaya maka, sai ma a ce raki gare ka.

Bari in ba ka amsar tun kafin in ja ka da nisa: uwargida ta fi abokinka gaskiya. Kar ka biya dala 2,400 ɗin nan, kar ka miƙa wa kowa wuyanka ya murɗa, ka koma fisiyo amma ba irin zuwan da ka yi a baya ba. Shi ma abokin naka ba ƙarya ya shara maka ba fa, daɗin da ka ji ranar nan na gaske ne, zan zo kansa.

Amma tukuna. Ni wasiƙa kawai na gani, ban ga bayanka ba ban taɓa shi ba, toh akwai abubuwan da in ɗaya ya same ka maganar kairo da fisiyo duk ta tashi, asibiti za ka nufa ko da tsakar dare ne. In fitsari ya ƙi fita, ko yana zubowa ba ka sani ba, ko bayan gida ya kufce maka, ko ka ji tsakanin cinyoyinka da mazaunai sun mutu kamar an yi allurar kashe zafi, ko ƙafa ta fara rauni kana jan ta kana tuntuɓe ba dalili, wannan alama ce jijiyoyin da ke can ƙasan laka sun matsu, kuma a irin wannan awanni ake ƙirgawa ba kwanaki ba. Sai kuma zazzaɓi, gumin dare, rama haka kawai, ciwon da ko ka kwanta ba ya lafawa har ya tashe ka daga barci. Wannan ka riƙe shi da kyau saboda inda muka fito, ƙwayar cutar tibi tana iya kwanciya shiru a jikin mutum shekara da shekaru sannan ta tashi a ƙashin baya ba a huhu ba, likitan da bai saba ganin irin wannan ba kuwa ba lallai hankalinsa ya kai can ba sai ka buɗe baki ka ce masa a Nijar aka haife ni. Haka in kana da sikila, ko an taɓa yi maka maganin ciwon daji, ko ka yi haɗari da mota. Tunda ka ce likita ya duba ya ce ba abin tsoro, alhamdulillah, a kan haka zan ɗora.

Kuma ka san ba kai kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma kusan tara cikin goma ba a iya nuna wani abu guda a ce ga abin da ya lalace. Tsoka, gaɓa, dogon zama, rashin barci, damuwar kuɗin haya da na aikawa gida, duk haɗuwa suke yi su taru a kwankwaso.

Toh, ƙas ɗin nan. Da yawanmu har da ni a da mun ɗauka ƙashi ne yake komawa mazauninsa. Ba haka ba ne. Ƙarar da kake ji in ka lanƙwasa yatsunka, ita ce dai, a cikin gaɓa akwai wani ruwa mai yauƙi, in an ja gaɓar da sauri sai kumfar iska ta samu a cikinsa ta yi ƙara, shi ya sa in ka yi da yatsa ba ya sake yi sai an jima. Da a ce ƙashin bayanka ya goce da gaske har wuri uku wallahi ba da ƙafarka za ka shiga wajen mutumin ba, motar asibiti ce za ta kwashe ka. Abin da murɗawar ke yi shi ne ta sassauta tsokar da ta ɗaure ta kuma rage zafin na ɗan lokaci, ga kuma daɗin wani ya ɗora hannunsa daidai inda ke ciwo ya ce maka na gano matsalar, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne ga mai ciwo. Ni shekarun baya da na ɗaga jarkar ruwa bayana ya riƙe, wajen wanzami na je aka kafa min ƙaho, na tashi wasai kamar sabon haihuwa har ina ba mutane labari, kwana biyu ciwon ya dawo ya same ni inda ya bar ni, don kuwa kujerar da nake wuni a kai tana nan, tumbin ma yana nan.

Yana da kyau ka san asalin sana'ar. Wani mutum ne Daniel David Palmer ya fara ta a 1895 a garin Davenport na jihar Iowa, shi ba likita ba ne, da can maganin maganaɗisu yake yi. Ya ce ya danna bayan wani mai sharar ginin da yake aiki, Harvey Lillard, wanda kunnensa ba ya ji sosai, wai sai jin ya dawo, daga nan ya kafa hujjar cewa kusan duk cututtuka daga gocewar ƙashin baya suke, har cewa ya yi kashi 95 cikin ɗari. Wannan gocewar da aka zana maka a hoto jikar waccan maganar ce. A 2010 hukumar da ke kula da 'yan kairo a Birtaniya, tasu ce fa ba ta abokan hamayya ba, ta fito ta ce babu binciken da ya tabbatar wannan gocewar tana jawo cuta. Ba wai ina ce maka 'yan damfara ba ne, a'a, a Amurka shekaru suke yi a makaranta, suna da lasisi a dukkan jihohi 50, ana ce musu dakta duk da ba likitocin asibiti ba ne, kuma akwai na kirki sosai a cikinsu da suka watsar da tsohuwar maganar suna aiki kusan irin na fisiyo. Naka ɗin ne dai alamunsa ba su kwanta min ba.

Gaskiya kuma in aka zo kan ciwon ƙasan baya kaɗai, murɗawa ba aikin banza ba ce. Ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP a ƙa'idojinta na 2017 ta sa ta cikin abubuwan da za a iya gwadawa kafin a kai ga ƙwayoyi, tare da ɗumama wurin da tausa da motsa jiki. An ma taɓa haɗa su karo: a 1998 aka wallafa wani bincike da aka yi a Seattle kan mutum 321, wasu aka tura su kairo, wasu fisiyo, wasu kuma ɗan littafi kawai aka ba su su karanta. Kairo da fisiyo suka tashi kusan kunnen doki, abin dariyar ma da kaɗan suka fi 'yan littafin, alhali kuɗin da suka ci ya kusa ninki uku. Kaga kenan babu mai sihiri a cikinsu.

Za ka ce toh in kunnen doki ne me ya sa na ce fisiyo? Saboda naka ya kai wata biyar, ya wuce sabon ciwo, kuma gobe ma motar za ka koma. Duk ciwon da ya haura wata uku abin da ya fi tsayuwa da ƙafarsa a bincike shi ne motsa jiki, ba abin da ake yi maka kana kwance ba. A Ingila hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jiyya tun 2016 ta ce in za a yi aikin hannu, murɗawa ce ko tausa, to a haɗa da motsa jiki, kar a yi shi shi kaɗai. Mutumin nan zai taɓa bayanka minti goma, kai kuma za ka zauna a kansa awa goma sha ɗaya, wa kake ganin zai ci? Abin da kake buƙata shi ne bayan da zai iya ɗaukar aikinka, wannan kuwa ba a saya, ginawa ake yi.

Hoton eksire ɗin kuma kar ya tsorata ka. In aka tara mutane masu lafiya garau da ba su taɓa kukan baya ba aka sa su a injin MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki za ka sha mamaki, wani nazari na 2015 da ya tattara irin waɗannan hotuna ya nuna a 'yan shekara 40 kusan rabinsu diskinsu ya ɗan bultso, wato ɗan matashin guringuntsin nan da ke tsakanin ƙashi da ƙashi, sama da kashi biyu cikin uku kuma akwai alamar zaizayewa, kuma ba abin da ke damunsu. Furfura ce ta ciki. Don haka duk wanda ya ɗauki hoton ɗan shekara 41 sai ya samu abin zagayewa da jan biro. Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne sau 36 ɗin, ta yaya tun ranar farko mutum zai san sau 36 za ka buƙata, ba 8 ba ba 50 ba? Wannan lissafin mai kanti ne. Ragin da ake yi maka kuma igiya ce, in ka biya ko ba ka ga sauƙi ba za ka ci gaba da zuwa don kar kuɗinka su tafi a banza.

Wuya kam a nan ba na sassautawa. Akwai jijiyoyin jini guda biyu da ke bi ta cikin ƙananan ramukan ƙasusuwan wuya su hau su shayar da bayan ƙwaƙwalwa, murɗawa mai ƙarfi da sauri tana iya yaga bangon ɗaya daga ciki, jini ya daskare, gudan ya haura sama, sai shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai yake faruwa ba, wannan gaskiya ne, kuma masana na ja-in-ja a kai, wasu na cewa mutanen tun kafin su je jijiyar ta riga ta fara yagewa, ciwon wuyan da hakan ya jawo ne ma ya kai su can. Duk da haka a 2014 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce ya kamata a gaya wa mara lafiya wannan alaƙar kafin a taɓa wuyansa. Shi naka ya gaya maka? Ni lissafina mai sauƙi ne, tunda motsa wuya a hankali da atisaye suna ba da sauƙi kwatankwacin na murɗawar, me zai sa magidanci mai iyali a nan da can Maraɗi, wanda abincinsa ke kan sitiyari, ya sayi wannan kasadar komai ƙanƙantarta? In kuma an riga an murɗa maka ka ji jiri, ko gani biyu-biyu, ko harshe ya yi nauyi, ko wani mugun ciwon kai da ba ka saba ba, lambar gaggawa ta 911 za ka kira, kar ka tuƙa kanka.

Yanzu laifin fisiyo, don su ma ba na wanke su tas. Wasu wuraren za su ajiye ka da jakar ɗumi, mutum ɗaya na zagaya marasa lafiya huɗu, a miƙo maka takarda a ce sai wani satin, dole mutum ya ji an raina shi. Amma kai ma zuwa biyu ka yi fa ɗan'uwa, kuma ban ji ka ce ka yi abin da ke takardar ba, ina zargin tana cikin aljihun mota tare da rasit ɗin mai. Tsoka ba ta ƙarfi a sati ɗaya, sai an ba ta kamar sati shida zuwa takwas ana yi kusan kullum. In ka koma ka buɗe baki. Ka ce ni direba ne, awa kaza nake zama, ga yadda nake fitowa daga mota, ina so in iya ruku'u da sujada ba tare da na cije baki ba, nuna musu yadda ake yi in ba su sani ba, wannan shi ne ma'aunin da za ku riƙa dubawa. Ka ce su rage atisayen zuwa uku ko huɗu da za ka iya riƙewa, su kalle ka kana yi su gyara maka, su kuma riƙa ƙara nauyi da tafiya ta yi tafiya. Ka tambaye su aikin hannu, don da yawansu sun iya tausa da sassauta gaɓa, wasu har ƙas ɗin suna yi, kaga ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. In wurin bai yi maka ba canja wuri za ka yi, ba barin fisiyo ba. Ka kuma kira inshorarka ka ji zuwa nawa suke biya.

In kuma ranka na son kairo ɗin, ba zan ce haramun ba ne. Ka je don ƙasan baya kawai, ka biya na ranar a ranar, ka ba shi zuwa huɗu zuwa shida, ka ce masa wuya a'a tun kafin ka hau gadon, atisayenka kuma na tafiya. In sati uku ko huɗu ba wani canji mai ɗorewa, shikenan an rabu lafiya. Yadda zai karɓi wannan sharaɗin ma zai gaya maka ko wane ne shi.

Motar ita ce inda gizo ke saƙar, amma kowa tsallake ta yake yi. Matso da kujera yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwashe ba sai ka miƙe ƙafa kana neman birki ba, naɗe ƙaramin tawul ka sa a kwarin bayanka, duk awa ɗaya in ka sauke fasinja fito ka miƙe ko minti biyu ne, zagaya motar, dafa ƙugu ka ɗan gantsare. Wayar da ke nuna maka hanya ɗaga ta daidai ido, rabin ciwon wuyan nan ina jin daga nan yake. Akwatunan fasinja na filin jirgi kuma matso su jikinka kafin ka ɗaga, kar ka ɗaga kana juyawa. Sannan tafiyar ƙafa, kar ka raina ta, a 2024 an wallafa wani bincike daga Ostareliya kan mutum 701 da suka warke daga ciwon baya, waɗanda aka ɗora a kan tsarin tafiya a ƙafa sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwon ya dawo ya hana su harka, sauran kuwa 112. Rabin awa bayan la'asar ko kafin ka fita aiki, in sanyin New York ya hana ko cikin babban kanti ne ka zagaya.

Salla kuma in ruku'u ya gagara addini ya sauƙaƙa, yi a zaune, sai dai kar tsoro ya sa kujerar ta zama ta dindindin, sunkuyawa ba ta lalata baya, ƙin motsa shi ne ke ƙara sanƙarar da shi. Ƙwayoyi irin su ibuprofen da diclofenac suna taimakawa na 'yan kwanaki amma masu cin ciki ne da ƙoda, in kana da olsa ko hawan jini sai da izinin likita, maganin sassauta tsoka kuma yana sa barci, kai da ke kan titi ka kiyaye. Tramadol da danginsa ko kyauta aka ba ka ka ce ka gode.

Masu karanta mu daga gida, na san bidiyon ƙas-ƙas sun cika TikTok har wasu da ba su taɓa shiga aji ba sun fara gwadawa a kan mutane. Mai ɗori yana da nasa gurbin a wajenmu amma ciwon kwankwaso ba karaya ba ne, kuma kar wanda ya hau bayanku da ƙafa. A Kano akwai sashen gashi a Asibitin Ƙashi na Dala da na Malam Aminu Kano, manyan asibitocin koyarwa ma duk suna da shi, ku kuma mutanen Nijar shi ne wanda kuke ce wa kine.

Ka gaishe da uwargida, ka ce mata ta riƙa tsaya maka a kai da safe har ka gama atisayen, na ga alama ba ta da wasa. Bayan sati shida ka rubuto min in ji ko ka daina dafa ƙofa, in ba sauƙi ko ciwon ya fara sauka ƙafa ka koma wa likitan ya sake dubawa. Dala 2,400 ɗin kuma ka bar su a walat, amma ka cire walat ɗin daga aljihun baya kafin ka zauna a mota.